Gasar Haddar Waƙa a Sakandare: Ina Neman Shawararku

Malamin Hausa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shekarata goma sha ɗaya ina koyar da Hausa a wata sakandaren gwamnati ta jeka-ka-dawo, kuma kowace shekara da mun iso ɓangaren rubutacciyar waƙa sai aji ya mutu murus. Zube suna so. Wasan kwaikwayo kuwa har rigima suke yi a kan wa zai fito a sarki, wa zai fito a boka. Amma da na ce a ɗauko littafin waƙoƙi sai hamma ta ko'ina.

Makon jiya na tambayi 'yan aji shida, su sittin da 'yan kai, wa zai tashi ya kawo mini baiti ɗaya tak da ka daga waƙoƙin da za su zauna jarrabawa a kansu. Ko mutum ɗaya bai motsa ba. Abin mamaki, yaran nan sun san waƙa kaza 'yar ƙwar biyar ce, babban amsa-amonta kaza ne, jigonta gargaɗi ne. Bayanin waƙar suka haddace, ita waƙar ba su san ta ba. Sun san sunan mai tuwo, sun san kuɗin malmala, ba su taɓa kai loma ba.

Shi ne nake tunanin zango mai zuwa in shirya gasar hadda da rerawa tsakanin azuzuwa. Shugaban makaranta ya ce bai hana ni ba, amma kada in tambaye shi ko kwabo. Wanda ya taɓa yin irin wannan ya taimaka mini. Abin yana da amfani kuwa? Kuma yaya ake ba da maki?

Ɗalibin Jami'a:
Wa alaikumus salam. Malam ka yi haƙuri, ni dai ban goyi baya ba. Haddar nan ita ta kashe mana karatu. Tun daga firamare ake ɗura mana abu mu zuba a takardar jarrabawa mu manta. Yanzu kuma waƙa ma sai an mayar da ita karatun aku? Yaron da ke da waya a aljihu, duk waƙar da yake so zai nemo ta cikin minti ɗaya. A koya masa yadda zai feɗe waƙa ya gane abin da mawaƙi yake nufi, wannan ya fi masa.

Uwar Biyu:
Wayar da ake ƙwacewa a bakin ƙofar makaranta?

Tsohon Hedimasta:
Ɗana ɗalibin jami'a, na ji ka, kuma rabin maganarka gaskiya ce. Ga rabin da ka bari.

Rubutunmu na boko ba ya nuna tsawon wasali. Rubuta "gari". Garin Katsina kake nufi ko garin tuwo? A takarda ɗaya suke, a baki kuwa na farko gaɓarsa ta fari gajera ce, na biyu doguwa. To ita rubutacciyar waƙar Hausa a kan wannan bambancin aka gina ta dungurungum: gaɓa mai nauyi da gaɓa marar nauyi, ana jera su bisa wani tsari da ba ya sauyawa. Malamanmu sun ɗauko ma'aunin ne daga arulin Larabci, wanda Halilu ɗan Ahmad ya tsara a Basra, ya fitar da karuruwa, wato ma'aunan waƙa, 15, daga baya aka ƙara na 16. Su ne Mutaƙarab da Basiɗ da Kamil da Wafir da Ramal da sauransu. Faɗi kalmar "dawaki" a hankali: gajera, doguwa, doguwa. Maimaita ta sau huɗu. Ka ji tafiyar Mutaƙarab ke nan, kamar sukuwa.

To gaya mini, yaron da ya nemo waƙa a wayarsa ya bi ta da ido, ina zai ga wannan? Ba ya kan takarda. A baki yake, a kunne yake. Ka ce a koya masa feɗe waƙa. Ai ba a feɗe abin da ba a kama ba.

Lokacin da muke makarantar horon malamai, malaminmu ba ya fara bayani sai ya rera waƙar tun daga bismilla har tammat, mu kuma mu karɓa. Yau shekara hamsin ke nan, na manta sunayen 'yan ajinmu da yawa, amma baitocin nan suna nan. Wani baitin ma ban gane shi ba sai ranar da na binne mahaifina. Da ban haddace shi ina yaro ba, da me zan gane a ranar?

Ɗalibin Jami'a:
Allah ya jiƙansa Baba. Maganar wasali ta shige ni, ban taɓa kallon abin ta nan ba. Amma wannan hujja ce ta rerawa. Ana iya rerawa da littafi a hannu.

Tsohon Hedimasta:
Ana iya. Gwada ka gani. Mai littafi a hannu idonsa na kan baƙaƙe, yana tuntuɓe a kowane ɗango, wato layin baiti. Sai ya ajiye littafin sannan numfashinsa yake daidaita da karin.

Ɗan Sakkwato:
Ranka shi daɗe Hedimasta, ka taɓo inda ke yi min ƙaiƙayi. Tsoffin waƙoƙin nan da yawa da Hausarmu ta yamma anka rubuta su. Mawaƙi ya ce "sunka" ko "munka", sai yaron Kano ya ɗauka kuskuren ɗab'i ne, ya gyara ya ce "suka". To "sun" gaɓa ce mai nauyi, "su" marar nauyi. Ya karya baitin ke nan bai sani ba. Na taɓa ganin malami da kansa ya yi wannan gyaran a kan allo da jan alli. Idan za a yi gasa, a rubuta cikin doka: yadda mawaƙi ya faɗa haka za a faɗa, ko da ba Hausar gidanku ba ce.

Malamin Hausa:
Wallahi na rubuta wannan. Ni ma ina jin na taɓa yin irin gyaran nan, Allah ya yafe.

Malama Mai Alli:
Malam, bari in ba ka labarin tamu, don kada ka faɗa ramin da muka faɗa. Shekara uku da suka wuce mun yi irin wannan gasa a makarantar 'yan matan da nake koyarwa. Ranar taro abin gwanin sha'awa, an yi hayar rumfa, iyaye sun zo, an tafa. Amma me ya faru kafin ranar? Kowace uwar aji ta zaɓi yarinya ɗaya mai zaƙin murya da kaifin ƙwaƙwalwa, ta killace ta a ofis kullum lokacin tara, tana yi mata bita. Yara goma sha biyu suka haddace waƙa. Sauran ɗari bakwai da wani abu suka zauna a rana suna kallo. Waɗanda suka ci ɗin ma su ne dai masu zuwa na ɗaya a aji tun fil azal, su ne masu zuwa kacici-kacici, su ne masu muhawara. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: ajin ya sha rana, su sun kwashe kyauta.

Da na shiga aji bayan mako guda na tambayi baiti ɗaya, shiru, kamar naka. Sai na ce ashe biki muka yi, ba koyarwa ba.

Idan zan sake, daga aji zan fara. Kowace yarinya, har wadda ke ɓuya a layin baya, sai ta kawo baiti biyar a gaban 'yan ajinsu, a saka mata a makin gwajin zango. Sannan a raba ajin gida huɗu, kowane gida ya ɗauki waƙa guda, ɗaya tana ja sauran suna amshi, a juya. Wadda za ta wakilci aji ta fito daga nan, kuma 'yan aji su zaɓe ta. Gasar ta zama kan dutse, ba ita ce dutsen ba.

Malamin Hausa:
Yara sittin, baiti biyar-biyar, a darasin minti arba'in? Malama, ina manhaja za ta tsaya ta jira ni?

Malama Mai Alli:
Minti goma na farkon kowane darasi, yara huɗu ko biyar. Lokacin da kake ɓatawa wajen cewa a yi shiru ya fi haka.

Mushe Damagaram:
Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Mu nan Nijar abin da kuke nema mun yi shi a lakwal, wato makarantar boko, sai dai da Faransanci. Akwai darasi sukutum da ake ce wa resitasiyon. Mun haddace tatsuniyoyin La Fontaine na waƙe, mutumin da ya rasu tun 1695, irin su hankaka da yanyawa. Ka tsaya gaban mushe, wato malami, hannu a baya, ka zuba. In ka kakare, bulala. Har yau ina iya kawo ta hankaka daga farko har ƙarshe, amma rantsuwa zan yi, sai da na shiga kwaleji na san abin da hankakan nan ya riƙe a baki. Cuku ne ashe.

Don haka ɗalibin jami'a bai yi ƙarya ba, haddar aku tana nan, ni na yi ta. Abin da ya raba tawa da wadda Malam yake nufi shi ne harshe. Yaron da zai haddace waƙa da harshen da uwarsa take yi masa faɗa da shi, ko bai gane duka ba, rabi ya shiga. Abin da ke ba ni haushi shi ne na girma da waƙar Bafaranshe a kaina, ban san ko baiti ɗaya na Sa'adu Zungur ba sai da na fara sauraren rediyon Kaduna.

Ɗalibin Jami'a:
Cuku! Mushe ka gama da ni.

Uwar Biyu:
Ni tambayata daban ce. 'Yata tana aji biyar. Idan aka ce ta tsaya gaban maza tana rera waƙa da lasifika, babanta ba zai yarda ba, kuma na san ba shi kaɗai ba ne. Da ya ji kalmar "waƙa" tunaninsa ya tafi gidan biki.

Malama Mai Alli:
Maman biyu, wannan ma mun sha shi. Abin da na riƙa gaya wa iyaye shi ne, da me Nana Asma'u 'yar Shehu ta karantar da matan karkara? Da waƙa. Ta naɗa jajis, wato mata jagorori, ta ba su malfa, su zo wurinta su haddace waƙoƙin, su koma ƙauyukansu su koya wa mata. Su ne 'yan taru. Ta rasu a 1864, kuma tsarin bai mutu da ita ba. Uban da ya ji wannan yakan sassauto. Sannan a kai masa takardar waƙar gida ya karanta da idonsa. Babu kiɗa, babu rawa. In makarantar haɗaka ce kuma ana ganin za a samu cikas, a yi zagayen mata daban, alƙalai mata. Ai a musabaƙa ma akwai ɓangaren mata.

Uwar Biyu:
In dai takarda za ta zo gida, da sauƙi. Shi mutum ne mai son a tambaye shi.

Gardi:
Tunda an ambaci musabaƙa bari in sa baki, don na yi alƙalanci a matakin ƙaramar hukuma. Da farko ina roƙo, kada a kira wannan gasa musabaƙa, kuma kada yaro ya ɗauko muryar ƙira'a ya ɗora wa waƙa. Kowanne da hurumin sa.

Amma akwai abin koyi. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa ta fara a 1986 ƙarƙashin Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, kuma abin da ya riƙe ta har yau shi ne matakala: ƙaramar hukuma, jiha, sannan ƙasa. Ga rukuni-rukuni, mai izu sittin ba ya karawa da mai izu goma. Kuma makin a rabe yake, hadda daban, tajwidi daban, sauti daban, kuma na sauti shi ne mafi ƙanƙanta. Dalili kuwa, murya baiwa ce, ba ƙoƙari ba ce. Idan ka bar zaƙin murya ya rinjayi alƙalai, yaron da Allah ya ba maƙogwaro zai ci duk shekara, mai muryar gwangwani da ya kwana yana bita ya koma gida da haushi.

Abu na biyu, ba a barin mai karatu ya fara daga inda ya ga dama. Ana ja masa baki ne daga tsakiya, ya ɗora. Yi haka a taka gasar. Ɗauko ɗango daga baiti na tara ka ce ci gaba. Nan za ka raba mai hadda da mai gudu a kan layi ɗaya.

Malamin Hausa:
Allah ya gafarta Malam, wannan jan bakin ya yi mini. To ga abin da na zana, ku duba: hadda maki 40, kiyaye kari da tsawon wasali 25, fitar da haruffa 15 (ɓ da ɗ da ƙ da 'y, don yaran birni sun fara cinye su), murya da natsuwa 20.

Ɗalibin Jami'a:
Ina fahimta a ciki? Ɗari cif, babu ko maki ɗaya na sanin ma'ana. Cukun Mushe za a sake yi.

Ɗan Ci-rani a Amurka:
Ku gafarce ni na shigo a makare, dare ne a nan lokacin da kuka fara. Akwai irin wannan gasa a nan, sunanta Poetry Out Loud, ta 'yan manyan azuzuwan sakandare. Hukumar tallafa wa fasaha ta gwamnatin tarayya ce da wata gidauniyar waƙa ta Chicago suka kafa ta, ta zama ta ƙasa baki ɗaya a 2006. Ita ma matakala ce: aji, makaranta, jiha, sannan a haɗu a Washington, zakara ya tafi da dala 20,000. 'Yata ta shiga, ta tsaya a matakin makaranta.

Abubuwa biyu na lura da su. Na ɗaya, yaro ne yake zaɓar waƙarsa daga cikin kundin da suka tanada mai ɗaruruwan waƙoƙi, ba a ɗora masa. 'Yata ta yi kwana uku tana karanta waƙoƙi barkatai kafin ta tsayar da ɗaya, kuma a ganina a kwana ukun nan ta fi ƙaruwa. Na biyu, cikin abubuwan da alƙalai ke dubawa akwai alamar fahimta: daga inda ka tsaya, da kalmar da ka danna, ana gane ko ka san abin da kake faɗa. Akwai kuma alƙali guda da aikinsa kawai bin takarda, yana rage maki in an tsallake kalma. Ba a shiga da kayan ado ko wani abin riƙewa a hannu.

Amma kada a kwafo nasu gaba ɗaya. Su faɗar waƙa suke yi kamar magana, ba sa rerawa. Tamu in ka cire mata rauji, wato muryar da ake rera ta da ita, ka cire mata rai.

Tsohon Hedimasta:
Haka ne. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, bai taɓa ganin Imfirajinsa a takarda ba. Da ka ya tsara ta, da baki ta yaɗu, makafi suka ɗauke ta suka kai ta kasuwanni da tashoshin mota tun kafin yawancin masu sauraro su san an buga ta. Su Aƙilu Aliyu da Mudi Sipikin da 'yan ƙungiyoyinsu a rediyo jama'a suka san su, da muryoyinsu. Shehu Shagari ma, tun yana malamin makaranta kafin siyasa, waƙa ya yi don yara su riƙe garuruwa da kogunan Najeriya. Mu ne muka zo muka kulle waƙa a littafi, muka ce a nemo jigo.

Kuma laifin ba na malamai kaɗai ba ne. WAEC da NECO a rubuce suke tambaya, babu inda ake cewa yaro ya buɗe baki. Abin da ba a tambaya a jarrabawa kuwa, kun san makomarsa.

Malamin Hausa:
To na gyara. Hadda 30, kari 25, haruffa 10, murya 10, fahimta 25. Bayan yaro ya gama, alƙali ya zaɓi baiti ɗaya ya ce faɗa mana shi da Hausar kasuwa, sannan ya tambayi ma'anar kalma biyu. Ɗalibin jami'a, ka gamsu?

Ɗalibin Jami'a:
Saura kaɗan. Zaɓin fa? Idan duk waƙoƙin na mutanen da suka rasu tun 1958 ne, yaran za su ce wa'azi aka tara su a yi musu. Yaran nan da kuke cewa ba sa hadda, ku tsaya bayan aji ku ji, sun haddace waƙoƙin fim da na siyasa kaf, ba wanda ya sa su. Kuma da yawa daga mawaƙan situdiyo rubutawa suke yi kafin su shiga, da amsa-amo da komai. A buɗe musu rukuni ɗaya.

Tsohon Hedimasta:
A'a. Abin da suka riga suka iya ba sai an ba su kyauta a kansa ba. Makaranta wurin abin da ba za ka tsinta a bakin titi ba ne.

Ɗan Sakkwato:
Baba, Imfiraji ma a bakin titi anka tsince ta. Kai ka faɗa yanzu.

Tsohon Hedimasta:
Kai yaro, Allah ya shirye ka. To a cire kiɗan, a rubuta baitocin a takarda, a auna su. Wadda ta tsaya da ƙafarta ba tare da ganga ba, a kawo mini in gani. Ban ce na yarda ba.

Malama Mai Alli:
Ni abin da zan ƙara, a saka waƙoƙin mata a kundin. Akwai su, an buga su, su Hauwa Gwaram da Hajiya 'Yar Shehu. Yarinya ta san ba maza kaɗai ke riƙe alƙalami ba. Kuma Malam, wa zai koya musu raujin? Malamai nawa ne a cikinmu suka iya rerawa? Ni dai sai da na koma wurin kakata.

Malamin Hausa:
Jama'a ga rahoto. Tambayar Malama ta hana ni barci, don ni ma raujin waƙa biyu kawai na iya. Sai na tuna maigadin makarantarmu, wani dattijo da nake jin yana 'yan rere-rere da asuba in na zo da wuri. Na tambaye shi, ashe ya haddace Imfiraji da yawa tun yana yaro yana jan wani kawunsa makaho. Yau Litinin na shigo da shi aji biyar. Da farko yaran dariya suka fara. Ya tsaya ya jingina sandarsa da allo, ya rufe ido, ya ja baiti wajen goma. Ban taɓa jin ajin nan ya yi tsit haka ba. Da ya tsaya, wani yaro na can baya, wanda rabon da in ji muryarsa tun zangon farko, ya ce Baba a maimaita na ukun. Aka maimaita. Kafin a buga ƙararrawa rabin ajin suna karɓa.

Ban sani ba ko gobe za su tuna. Amma na sa shi cikin alƙalai, shi zai riƙe makin kari, tunda kunnensa ya fi nawa. Matsalar da ta rage ita ce kyauta.

Tsohon Hedimasta:
Ƙamus ɗaya da littattafan waƙoƙi uku suna wuyana. Turo mini lambarka ta akwatin sirri. Shi kuma maigadin a ɗinka masa riga, kada a sa shi alƙalanci da kakin aiki.

Mushe Damagaram:
Rigar tawa ce. Amma da sharaɗi, a ɗauki muryarsa a waya a turo nan, ina da 'yan aji arba'in da ba su taɓa ji ba.

Uwar Biyu:
Wace rana ce? Kada ku sa ta cikin azumi.